Murfi Ukun da Na Gaya wa Yaya Lauwali

Shekara ashirin da biyu yayana Lauwali ya yi yana goya tankin feshi a fadamar Goronyo, ba a taɓa cewa ya ƙona wa wani ko ganye ɗaya ba. Bai shiga aji ba, shi ya tsaya gona don ni in yi karatu. Lissafinsa a ka yake: murfin magani uku a tanki ɗaya, shida a biyu, tara a uku. Masu albasa har layi suke bi, sai ya zaɓi wanda zai yi wa aiki.

Ni kuwa malamar lissafi ce a Wurno. Abin da nake koya wa yara ke nan: a jera lambobi sahu biyu, a raba na ƙasa da na sama, a samu lambar da ba ta canzawa. Ina ji da kaina a wannan fanni, har na yi yawa.

Bara aka daina kawo maganin ciyawar da ya saba da shi. Ya hau babur har gidana da sabuwar kwalba, ya ce in karanta masa. A jikinta an jera: ruwa lita ashirin, magani mililita talatin; ruwa lita arba'in, magani sittin. Na raba, ɗaya da rabi ya fito kowane layi. Tankinsa lita ashirin ne, tsohon murfi kuma mililita goma yake ci.

Na ce, "Murfi uku, Yaya, yadda ka saba."

Ya jujjuya kwalbar. "Nafisa, murhin ga ya hi wancan girma."

"Yaya, lissahi ba ya ƙarya."

Ya yarda, don a gidanmu ni ce mai boko. Ashe sabon murfin talatin yake ci shi kaɗai. Ban auna ba, alhali sirinjin awon maganin yara na nan kan tebur.

Kwana huɗu da ya yi feshi a gonar wani Alhaji Yari, albasar ta kwanta, kadada guda, kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Mutanen da ya yi wa aiki shekara ashirin da biyu suka ce dama tsufa ya kama shi, wasu suka ce hassada ce. Tun daga ranar babu wanda ya sake kiransa. Yanzu dakon buhunan albasa yake yi a kasuwa, da furfurarsa. Ban yafe musu ba, kaina ma ban yafe wa ba.

Na same shi na ce zan je gaban Alhaji in faɗi gaskiya. Ya sauke buhu, ya share zufa.

"Ki hwaɗi mi? In anka ji malamar lissahi ta kasa murhi, wa za shi ba ki ɗiyanai? Nawa sunan ya riga ya ɓaci. Koma ajinki."

Na koma. Ranar Litinin na sake rubuta darasin a allo.