Taguwar da Na Ƙi Gogewa

Aikina a rediyon garinmu na Dakoro shi ne karɓar cigiya. Wanda saniyarsa ta ɓata, ko jakinsa, ko raƙuminsa, wurina yake zuwa. In rubuta kamannin dabbar a ordinatar, wato kwamfuta: launinta, shaidar wutar da ke cinyarta, tsagar kunne, da inda aka yi mata ganin ƙarshe. Daga nan mai gabatar da shiri ya karanta kowa ya ji. Wanda ya tsinci dabba shi ma wurina yake zuwa, in duba ko akwai mai nemanta. Duk bayanan nan suna cikin rumbun bayanai a kan wata na'ura da muke kira sarwar, tana ƙarƙashin teburina tana hura mini zafi a ƙafa. Ita kaɗai ce tilo, ba ta da 'yar'uwar da za ta karɓi aikin in ta faɗi.

Akwai wani tsoho makiyayi daga wajen Azagor da taguwarsa, wato raƙumarsa, ta ɓata tun ina sabuwar zuwa. Fara ce, da tabo a wuya. Duk lokacin da ya shigo kasuwa sai ya biyo, ya cire takalmi a bakin ƙofa ko da na hana shi, ya ce, "Ɗiyata, tana nan?" Ba taguwar yake tambaya ba, ya san da ta samu da ya ji. Cigiyar yake tambaya. Sai in juyo masa da fuskar ordinatar, ya kalli hoton shaidar da ya taɓa zana mini da yatsa a ƙasa na ɗauka da waya. Ya gyaɗa kai, ya sha ruwa, ya tafi.

Ana nan sai shef ɗin masu kula da na'urorinmu ya kira ni daga Maradi. Ya ce manhajar rumbun ta tsufa, masu yin ta sun daina yi mata gyara, dole a koma sabon zubi. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Matsalar ita ce mun bari an yi mana nisa, zubi da dama sun fito a tsakani, kuma ba a tsallake su, sai an taka kowanne kafin a kai na ƙarshe. Shi kuwa ya samo gajeriyar hanya: a share komai, a girka sabon, a zuba cigiyoyin bana da na bara kawai, tunda tsofaffin suna cikin tsarin da sabon bai ganewa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sauran hwa?"

Ya ce, "Malama, dabbar da ta ɓata shekaru, ai an cinye ta an sha romo. Mi za ki yi da su?"

Nan zuciya ta ɗebe ni. Ni dama an san ni, uwata tana cewa da a ce baki yana noma da gidanmu bai taɓa sayen hatsi ba. Na gaya masa cewa a nan cigiya ba ta mutuwa sai mai ita ya zo da bakinsa ya ce a rufe. Dabbar tsintuwa tana iya shekara da shekaru a hannun wanda ya tsince ta, ta hayayyafa, kuma ita da 'ya'yanta duk na mai ita ne ranar da ya bayyana. Mutane sun ba ni amanar magana, ban ga dalilin da zan zubar da ita don na'ura ta ji sauƙi ba.

Bai yi faɗa ba, mutumin kirki ne, aiki ne ya yi masa yawa. Ya ce doguwar hanyar tana da haɗari, kuran ɗinmu na lantarki ba shi da tabbas, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar juyi, tsoho da sabo duk za su iya lalacewa. Ya ce shi ba shi da lokacin zuwa. In na kafe, in yi da kaina, amma in ta ɓaci a wuyana take. Na ce na ji na ɗauka. Da na ajiye wayar, tsoro kam na ji shi.

Farkon abin da na yi shi ne kwafe komai. Babu wuri a na'urorin biro, wato ofishinmu, sai na ɗauko diskin kaina daga gida, na share finafinan da na tara tun ina makaranta, ban ko tsaya kallon sunayensu ba don kada in sake shawara. Na zuba kwafin a ciki, na gwada shi a wata tsohuwar ordinatar na tabbatar yana buɗewa. Sannan na fara: in tsayar da rumbun, in ɗora zubi na gaba, in tayar, in jira ya juya bayanan, in duba. Kowane hawa na yi, taguwar nake fara nema. In na ga farar mai tabo a wuya, sai in san sauran ma sun haye.

Da rana tsaka nake yi, lokacin da panon rana, faifan sola ke nan, ya cika batir, in tsaya in la'asar ta yi. Abin ya ja kwanaki har ya ci ranar kasuwa. Mutane suka cika ƙofa, sarwar tana tsaye, ina ɗaukar maganarsu da waya. Wani mai tumaki daga Roumbou ya ce, "Ke kau, na'ura ta gaji ko ke kika gaji?" Na ce mu biyun duka, ya kawo kamannin tumakinsa ya bar ni da abin da ya dame ni. A wani hawan rumbun ya ƙi tashi sam. Na zauna ina kallon baƙin allo, raina ya ɓaci, ina jin muryar shef a kunnena. Na koma kan kwafin, na gano saitin da na tsallake, na sake daga wurin. Ban kira Maradi ba.

Ranar da na kai zubin ƙarshe na aika masa saƙo cewa an gama, ba a rasa ko akuya ba. Ya amsa da "Madalla." Na so ya ƙara ko da kalma ɗaya ce, bai ƙara ba.

Na yi ta zuba ido tsohon ya zo in juyo masa da fuskar ordinatar. Kasuwa ta ci, wata ta ci, shiru. Bayan damina sai ga wata mata da goyo, ta cire takalmi a bakin ƙofa. Ta ce ita ɗiyarsa ce, Allah Ya yi masa rasuwa tun farkon ruwa. Na yi mata gaisuwa, hawaye suka zubo mini. Na jawo cigiyar, na sa hannu inda ake rufewa, na ce ta faɗa da bakinta in rufe.

Ta ce, "A'a, Yaya, kar ki ruhe. Da anka raba gado, 'yan'uwana sun ɗauki dabbobin da ke tsaye. Ni na ce a ba ni ita taguwar da ta ɓata."

Na goge sunansa, na rubuta nata. Ta matso ta kalli shaidar da ubanta ya zana a ƙasa, ta daɗe tana kallo. Da za ta fita ta ce in ta shigo kasuwa za ta biyo.