Goggo Hajara da ramin gwajin sokawe

Jama'a, yau saura ƙiris in sa filina na Tudun Kaya a kasuwa, duk saboda kirkin Goggo Hajara.

Kun san ina gini. Da safe maginina Malam Isuhu ya ce kafin a haƙa sokawe, wato ramin da ruwan banɗaki ke shiga, sai an gwada ko ƙasar tana shan ruwa. Muka tona ɗan rami, muka cika shi da ruwa, ya kafa kara ya yi alama, muka tafi.

Bayan azahar muka dawo. Ruwa fal, har ya wuce alamar!

Malam Isuhu ya riƙe haɓa. "Alhaji, wannan ƙasar ba sha take ba, amai take. Ka yi banɗaki a nan, damina ɗaya maƙwabta za su kai ka gaban mai unguwa."

Har na fara laluben lambar dillali.

Sai ga Goggo, ƙanwar mahaifina da ke maƙwabtaka da filin, ɗauke da bokiti. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta juye shi a ramin.

Na ce, "Goggo, lafiya?"

Ta ce, "Allah ya shirye ka. Ka haƙa ramin dashe ka tafi yawo? Ƙasar nan ƙishi gare ta, tun safe nake ɗura mata tana shanyewa."

Malam Isuhu dariya har da zama a ƙasa.

Kafin mu yi bayani ta ɗauko ɗan mangwaro ta dasa a ramin. Ta ce duk wanda ya tuge shi ba ta yafe ba.

Yanzu sokawe ne ke neman wuri.