Asabar Uku a Bakin Zuga-zugi

Shekarar da aka turo ni koyarwa wani gari kusa da Tambuwal, kaina cike yake da littattafan soyayya da nake saye a kasuwa. Sai ga wata 'yar unguwar maƙera, mai murmushin da ya sa na rubuta wasiƙa shafi shida. Ta karanta, ta yi dariya, ta ce, "Malam, kalamanka sun yi daɗi, amma a gidanmu maganar Kaka ce magana. In ya ƙi ka, shi ke nan."

Ran Asabar na fesa turare, na haddace jawabi, na nufi maƙerarsa. Tsoho ne siriri mai ƙonannun yatsu. Ban gama gaisuwa ba ya ce, "Kai ne kaka son ƙwace mini mata? Taho in gwada maka wani abu."

Ya kai ni bayan gari, inda wasu baƙaƙen tuddai suke, ciyawa ba ta fitowa a kansu. Ya ɗauki dunƙule ɗaya mai ƙyalli ya ɗora mini a hannu. "Mi ne wanga?"

"Dutse ne, Kaka."

"Dutse! Kuma wai kai aka ba ɗiyan mutane ka koya musu."

Kashin tama ne, wato dattin da ke saura idan an narka ƙasa mai ƙarfe. Ya ce kakanninsa a nan suke haƙo tama, su gina tanderun laka mai tsayin mutum, su cika shi da gawayi. Hayaƙin kan kai har Sanyinna. Daga Dogon Daji, daga Fakku, fatake kan zo da jakuna su sayi ƙarfe, don haka garin ya kafu. Da tsofaffin ƙarafan mota suka yawaita, sai tanderu ya mutu. Ina tsaye ina hango wuta ja tana tashi a raina, har na manta da jawabina.

"Ba ni ba da jikata ga wanda bai san wuta ba," in ji shi. Muka koma, ya zaunar da ni gaban zuga-zugi.

Fatun akuya biyu ne, ana danna ɗaya ana ɗaga ɗaya. Ni kuwa na danna su tare da dukan ƙarfina. Toka ta tashi ta rufe masa gemu fat. Maƙeran rumfar suka kwashe da dariya, ta bayan zana kuma na ji wata dariyar da na sani.

"Kishi kaka yi, kana so ka makanta ni?" ya ce yana kakkaɓewa.

Asabar ta biyu na dawo, kafaɗuna suka yi tsami, ƙarfe ya ƙi wuce ja. A ta uku na daina tunanin hannuwana, na bi sautin masabarsa kamar mai bin kiɗa. Iska ta daidaita, ƙarfen ya yi fari-fari yana tartsatsi. Ya ciro shi da awartaki, ya yi ta duka har ya zama bakin hauya, ya tsoma a ruwa.

Ya miƙo mini da sauran ɗuminsa. "Kai ma babanka wanga. Ka ce mishi ya turo manya ran Juma'a, na ba ka."