Idon Nicanor na Hagu

Nicanor Peguero mijin ƙanwata Yudelka ne, kuma tare muka taso a Consuelo, cikin gonakin rake. Yana ɗan shekara sha bakwai wani kulob na Amurka ya ɗauke shi saboda ƙarfin jifarsa a wasan besbol, wanda ake jefa ƙwallo wani ya buge ta da sanda. Shekara shida ya yi yana yawo a ƙananan ƙungiyoyinsu, daga wannan gari zuwa wancan a cikin bas, bai taɓa kaiwa babban mataki ba. Da suka sallame shi ya wuce Meziko, duk ƙarshen shekara kuma ya dawo gida ya yi wa wata ƙungiyar nan jifa. Da hannun nan nasa ya gina ɗaki uku na bulo, ya sa 'ya'yansa mata biyu a makaranta.

Yana da shekara talatin da ɗaya idonsa na hagu ya fara hazo. Shi mai jifa da hannun dama ne, idon hagun kuwa shi ne ke fuskantar mai bugu idan ya tsaya a kan tudun jifa. Da farko ya ɗora laifin kan gumi. Daga baya ya daina ganin yatsun mai cafewa, waɗanda da su ake gaya masa irin jifar da zai yi.

Bai gaya wa Yudelka ba, balle koci. Mutum ɗaya ya sani, Eulogio, mai cafe masa ƙwallo tun suna Meziko. Eulogio ya zage shi tas, ya ce ya je asibiti. Nicanor ya roƙe shi ya rufa masa asiri zuwa ƙarshen kakar wasa, don ranar da aka ji labari ranar za a ba wani rigarsa. Suka shirya cewa Eulogio zai riƙa taɓa gwiwa ko ƙirji maimakon yatsu.

Jifar ba ta lalace ba. Abin da ke tsinka masa zuciya shi ne dawowar ƙwallon. Idan mai bugu ya same ta da kyau, kafin ƙiftawar ido ta iso wurin mai jifa, ga ta da tauri kamar dutse. Nicanor ya fara ramewa. Yudelka ta ce mini ko dakakkiyar ayabar da yake so da safe sai ya tura kwanon gefe.

Wata Lahadi da la'asar ina cikin 'yan kallo aka bugo ƙwallo kai tsaye zuwa kansa. Ta wuce ta gefen kunnensa na hagu har ta ture hularsa, shi kuwa ko motsi bai yi ba. Fili ya ɗauki tafi, ana cewa wannan namiji ne, ko gezau. Eulogio ya taso ya zo wurinsa, ya rufe baki da safar hannu.

"Mutumina, ka gan ta kuwa?"

"Iskarta kawai na ji," in ji Nicanor.

"To ni ba zan kai wa Yudelka gawarka ba, tsoho. Ko ka faɗa, ko in faɗa."

Nicanor ya ce a bar shi ya gama da mai bugu ɗaya. Ya ɗauki hularsa, ya koma kan tudu. Ya yi jifa huɗu, duk can nesa da mai bugu, don kada sanda ta taɓa ƙwallon. Mutanen da suka tafa masa ɗazu suka fara ihu suna kiransa matsoraci. Koci ya fito da faɗa, yana tambayar abin da ke damunsa. Nicanor ya miƙa masa ƙwallon, ya ce, "Ranka ya daɗe, wata biyu ke nan ba na gani da wannan idon."

Washegari na raka shi wurin likita a Santo Domingo, babban birninmu. Ta duba shi, ta ce wata fata ce a bayan idon take ɓantarewa, da ya zo da wuri da an ceto ganin gaba ɗaya. A ƙofar ɗakin tiyata ya riƙe hannuna gam, yana ta tambayar ko na daman ma zai kamu. Yudelka kuwa sai da ta yi mako biyu ba ta yi wa Eulogio magana ba.

Rabin ganin ya dawo, amma Nicanor bai sake hawa tudu ba. Yanzu yana koyar da jifa a wata makarantar horar da 'yan wasa da ke hanyar San Pedro, kuma ba ya tsayawa a fili sai a bayan ragar kariya. Jiya na same shi yana gardama da mai makarantar kan a sayo sabuwa, wai tsohuwar ta huje a daidai tsayin kai.