Jan Waken da Na Wanke

Ni ɗan manomi ne daga Gangara. Har na fara tsirar gemu ban taɓa hura wuta na ɗora tukunya ba, sai dai in wanke hannu in zauna, Inna ta kawo. Da na samu babur zan koma Gazawa yin kabu-kabu, in kama ɗaki ni kaɗai, ta ɗaura mini buhun gero ta ce, "Tsaya in nuna maka ko damun kunu ne." Na yi dariya na ce, "Haba Inna, ni da za ni birni?" Gazawa fa nake kira birni.

Geron nan kasuwa na kai shi. Kullum ina gindin mai abinci, duk abin da babur ya kawo ciki ya cinye. Ran da babur ya lalace kuwa, sai in sha ruwa in kwanta.

Kun san yadda mutanenmu ke ba ɗan kabu-kabu saƙo. A ɗaura maka buhu a ce kai wa wane, ba awo, ba shaida. Amanar nan ita ce jarinmu, ta fi babur ɗin daraja, kuma ita na ci. Da tiya guda na fara, a buhun waken wani. Na kai wa Ta-Annabi mai shinkafa da wake, ta riƙa zuba mini abinci a madadinsa. Ba wanda ya gane, sai hannu ya saba.

Gab da damina wani tsoho ya ba ni waken iri in kai wa ƙanensa. Na kwance na ga an barbaɗe shi da jan maganin ƙwari. Na san guba ce, ai a gona na tashi. Duk da haka na wanke shi, na shanya, na kai wa Ta-Annabi. Ta shinshina ta ce, "Ƙanena, waken nan da wani wari-wari." Na ce, "Warin buhu ne, Yaya."

Mutane da dama suka kwanta likita. 'Yar autarta da ke kankare ƙanzon tukunya tana ci, ita ba ta tashi ba. Da jandarma suka zo ban yi musu ba.

Ina kaso Baba ya rasu. An ce tun da aka kama ni bai ƙara zama cikin mutane ba. Da na fito na je na durƙusa gaban Ta-Annabi. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Tashi ka tafi, Allah na nan."

Na tuba, wallahi na tuba, amma zuciyata ba ta huta ba. Samari, kafin ku bar gida ku koyi ciyar da kanku, ba abin kunya ba ne. Buhun da ba naku ba, kada ku kwance bakinsa ko don ku leƙa.

Kwanan baya a tasha wata tsohuwa da ba ta san ni ba ta miƙo mini ƙullin saƙo. Na miƙa hannu da murna zan karɓa. Sai wani ya raɗa mata magana a kunne. Ta janye ƙullinta a hankali ta ce, "Bari, ɗana, na fasa."