Ina Hannunka?

Yatsu biyu ne suka rage wa Baba Injiniya a hannun dama, babban yatsa da ɗan ƙaramin. Sauran ukun injin yankan takarda ne ya cinye su tun yana saurayi. Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausar bakinsa kuwa ta fi ta wasunmu 'yan Kwaciri. Shagonsa yana bayan kasuwa, inda yake gyaran injinan yanka na masu ɗab'i, ya cire musu tsohuwar ƙwaƙwalwa ya sa musu sabuwa.

Na je aiki wurinsa da kwalin digirina na kwamfuta da girman kaina, ina da mata da 'ya ɗaya. Abin da ya ja ni shi ne wani harshe da ya ƙirƙira da kansa na rubuta wa inji umarni. Kalmominsa na Hausa ne, gajeru: ɗaga, riƙe, sauka. Sai dai ba ka isa ka ce wa wuƙa “sauka” ba sai ka fara faɗa wa harshen inda hannayen mai aiki suke: dama a kan wannan madanni, hagu a kan wancan, idon lantarkin da ke gaban wuƙa kuma bai hango komai ba. Ka tsallake ɗaya, ko harafi ba zai tura cikin injin ba. Sai dai ya rubuto maka a fuskar kwamfuta: “Ina hannunka?”

Wallahi tambayar nan ta ci min tuwo a ƙwarya. Sau ashirin a yini sai ta fito min, kamar wata tsohuwa mai mita. Masu gyara na gari ma duk sun guje wa harshen, sun koma wasu harsunan da suke saukowa da su daga intanet, waɗanda duk abin da ka rubuta sai su ce to. A bayan idon Baba na raɗa masa suna harshen dungu, sunan kuma ya bi gari har unguwar Bata.

Amma na san abu ne mai kyau, haushina ke nan. Ina so ya kai Kaduna, ya kai Aba, a san da ni a ciki. Na ce, “Baba, mu sabunta shi.” Ya ce bismillah, shi da ke zuwa coci kowace Lahadi. Na ƙara kalmomin Turanci ga wanda ba ya jin Hausa, ya yarda. Na yi yadda za a riƙa rubuta shi a waya, ya yi murna har ya aika aka sayo mana tsire. Da na zo kan tambayar, na ce a bar wa mutum ƙofa: in ya rubuta “na sani” a gaban layi, harshen ya yi shiru ya ƙyale shi. Na kawo hujja. Ƙurar takarda tana rufe idon lantarki, inji ya tsaya ba gaira ba dalili, ga fastocin siyasa jibge ana jira. Masu yanka kuma suna so su dafe takarda da hannu ɗaya, su taka madanni da ƙafa.

Ya ɗaga min hannun nan nasa ya ce, “Malam, ni ma ranar na sani.”

Na ce to, na yi kamar na bar zancen. Na koma gida na sa ƙofar a ɓoye.

Wata Asabar da hantsi muka kafa rumfa a ƙofar shago, muka gayyaci masu gyara da masu maɗaba'a daga Fagge da Sabon Gari su ga sabon harshen. Ni ke bayani, Baba yana zaune a gefe cikin rigarsa ta zuwa coci. An tafa wa waya, an tafa wa Turanci. Sai wani Alhaji mai maɗaba'a a Fagge ya ce, “Duk mun ji. Yana nan da tambayar nan tasa?”

Na ce, “Alhaji, kalli nan.” Na rubuta “na sani”, na tura. Na cusa hannuna na hagu a aljihu, na danna da dama kawai. Wuƙa ta sauko ta raba bandir ɗin takarda gida biyu, ƙat! Wuri ya ɗauki sowa.

Baba ya tashi a hankali. Ya ture takardun, ya shimfiɗa hannunsa na hagu, mai lafiyar, a ƙarƙashin wuƙa. Ya dube ni ya ce, “Ka ce ka sani. Danna.”

Na ji kunya ta rufe ni, ni kuwa in na ji kunya bakina ba shi da linzami. Na juya ga mutane na ce, “Jama'a, ku taya ni roƙon Baba. Injin ya ɗanɗana dama ya ji daɗi, yanzu hagun yake son kai masa. Baba, in wannan ma ya tafi, da me za ka riƙa nuna mana dungun?”

Aka sheƙe da dariya, har da masu riƙe ciki. Wani daga baya ya ce, “A bar masa na cin tuwo!” Ni ma na yi dariyar, kuma na ji daɗinta, ba zan ɓoye ba. Baba ya janye hannunsa ya sa a aljihu, ya shige shago. Ba wanda ya bi shi. Layi aka yi a gabana ana miƙo wayoyi.

Ban yi wata guda ba na buɗe nawa shagon kusa da Bata, na kwashe wa Baba mutane kaf. Harshen ya kai Kaduna, ya kai Aba ɗin da nake mafarki. In aka turo min aiki in duba, sai in ga “na sani” a kowane layi, har inda ba a bukata, wasu ma sun ɗauka gaisuwa ce da ake fara rubutu da ita. Na gani da idona, na yi kunnen uwar shegu. In Keke Napep ya bi da ni ta layin Baba, sai in duƙar da kai ina latsa waya.

Bayan shekara biyu da wani abu, Alhajin nan na Fagge ya kira ni da azahar, ya ce in zo in duba injinsa, an ɗan samu matsala. Da na isa an riga an wanke teburin, amma akwai bandir guda a gefe da ba zai ƙara sayuwa ba. An tafi da mai yankan asibiti, magidanci ne mai 'ya'ya uku, yakan ba ni goro in na je. Na buɗe ƙwaƙwalwar injin ina addu'a a ce wani ne ya taɓa. Layin “na sani” yana nan yadda na bar shi. Ni na rubuta shi da hannuna, ranar da Alhaji ya ce idon lantarkin ya ishe shi. Yanzu ga shi tsaye a kaina yana tambaya ko injin zai tashi kafin la'asar.

Daga nan ban san yadda aka yi ba, ƙafata ta kai ni Sabon Gari. Na tarar da Baba shi kaɗai yana gyaran fanka, abin da ya koma yi ke nan. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Na faɗa masa duka. So nake ya zage ni, ko ya ɗaga ragowar hannun ya sharara min mari, in samu sauƙi.

Ya ce, “Yatsu nawa?”

Na ce, “Huɗu.”

“Ya fi ni da ɗaya.” Ya ci gaba da murɗa sukurunsa.

Na durƙusa a kan simintin shagon, ni da ban taɓa durƙusa masa ba. Na ce, “Baba, don Allah ka yafe min. Wallahi ban san haka za ta faru ba.”

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya ce, “Haba, Malam. Kai da ka rubuta ka sani?”

Ya jona fankar a wuta ya ga tana juyawa, ya ce in ɗan matsa, na tare masa haske.