Neman Bindigar Baffa a Hayin Kogi

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Haɗeja a kan babur ɗina, ni da baffana, ƙanin mahaifina. Shi ne a baya, ya rungume jakarsa ta fata kamar za a ƙwace. A cikinta akwai takardar izininsa ta riƙe bindigar farauta, da wasiƙar Sarkin Baka, shugaban maharba, da wata doguwar igiya da ban san amfaninta ba a lokacin.

Ga waɗanda ba su san dalilin tafiyar ba, Baffa manomi ne kuma maharbi. Bana gadu, wato mugun dawa, ya addabi fadamarsu. Garke guda ke shigowa, su tone rogo da dankali, su tattake shinkafa. Bindigarsa kuwa ta toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ta sha raɓa sai ta ƙi tashi. Watan jiya ta yi masa haka gaba da gaba da wani ƙaton gadu. Ya ja kunama, ta ce ƙyas, ta yi shiru. Allah ya sa akwai kanya kusa, dattijo da furfurarsa ya ɗare sama. Har yau yana ɗingishi.

Ni na kawo shawarar a sake ta. A waya nake ganin irin wadda maharban ƙasashen waje ke riƙewa yanzu. Ita ma ta baki ake ɗura ta, amma ƙyastun da ke kunna albarushin ba a gefe yake ba, yana can a gindin bututun, a rufe, saiti ɗaya da bakin. Ruwa ba ya shiga, ga cin nisa. Da na ji labarin wani maƙeri a hayin kogi, gaba da Auyo, da ke ƙera mai kama da ita, sai na matsa wa Baffa lamba har ya yarda.

Kwaltar ba laifi, sai ramuka nan da can. Hagu da dama shinkafa ce ta yi kore shar, manoma sun riga rana fita suna kaɗa gwangwanaye don korar tsuntsayen jan-baki. A Auyo muka karya da kunun tsamiya da ƙosai mai zafi. Mai ƙosan ta ji inda za mu, ta dubi babur ɗin, ta dube ni, ta ce in dai da wannan farin yadin zan shiga fadama, to in yi masa bankwana tun yanzu. Gaskiyarta. Muna sauka daga titi laka ta karɓe mu. Sau biyu muna tura babur, a na biyun takalmina ya zauna a taɓo, sai da hannu na zaro shi.

A mashaya muka tarar da masunta sun fito da tarwaɗa da ƙarfasa, suna ta motsi a kwando. Kifin da za ka yi ta ja-in-ja a kansa a kasuwar Haɗeja, a nan kusan kyauta ne. Mai kwale-kwale ya ce babur kuɗin mutum biyu yake biya, domin ba ya iya iyo. Na ce ai ni ma ban iya ba. Ya ce, “To kai ma ka biya na biyu.” Muka ratsa ta wata siririyar hanya da suka sare a tsakiyar kachalla, ciyawar nan da ta cinye ruwan yankin. Ta fi tsayin mutum, ba ka ganin komai sai sama da tsuntsaye. Baffa kuwa carbi kawai yake ja har muka tsallake.

Hantsi ya dubi ludayi muka isa ƙauyen. Ba sai mun yi tambaya ba, ƙarar guduma ce ta kai mu maƙerar. Maƙerin mutum ne mai matsakaicin shekaru, mai fara'a, harshensa da ɗan gargadar Barebari. Ya karanta wasiƙar Sarkin Baka, ya duba takardar izini, sannan ya shiga ɗaki ya fito da bindigogi biyu, ya jera a tabarma.

Ta farkon baƙa ce, gajera, mai kaurin bututu, ga nauyi kamar taɓarya. Ta biyun kuwa, jama'a, sai wanda ya gani. Doguwa, siririya, tana ƙyalli, ƙotarta ta sha man goge, har da madubin hangen nesa a samanta. Na ɗaga ta, ba nauyi. Na leƙa madubin, na hango akuya a can ƙarshen gari kamar in miƙa hannu in kama kunnenta. Maƙerin ya ce baƙar shi ya zaɓi ƙarfenta da kansa. Mai ƙyallin kuwa wani dillali ne ya kawo masa bututun daga birni, ya rantse masa cewa ƙarfen waje ne, shi kuma ya haɗa ta jiya-jiyan nan.

Na ce, “Baffa, ga bindiga. Da wannan ko daga kan gado ka harbi gadu.”

Baffa bai karɓa ba. Ya ƙwanƙwasa bututun da zobensa, ya kara kunne, ya tambayi maƙerin, “An taɓa tashinta?”

“Ba a taɓa ba, Baba. Ku ne na farko.”

Muka fita bayan gari, wani fili mai goriba. Maƙerin ya ɗura ta. Ni kuwa har na miƙa masa wayata ya ɗauke ni bidiyo, don ku gani ku yaba. Na kafa ƙota a kafaɗa, na manna idon dama a madubi, yatsana na laluben kunama, sai na ji hannun Baffa ya danne bututun ƙasa.

“Ajiye.”

“Baffa, sau ɗaya fa.”

“Ɗan nan, na ce ka ajiye. Sabuwar bindiga bishiya ce ke fara jin ta, ba kafaɗa ba.”

Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba. Ga mutanen gari sun fara taruwa, an tsawata mini kamar yaro, da gemuna. Baffa ko a jikinsa. Ya buɗe jaka ya fito da igiyar nan, ya ɗaure bindigar tam a jikin goriba, bakinta na duban wani tudun yashi. Ya ƙulla ɗayan bakin igiyar a kunama, ya kori kowa baya, muka laɓe a bayan wata katangar ƙasa. Ya yi bisimilla, ya ja.

Ƙarar ba irin ta bindiga ba ce. Kamar an fasa dutse ne a cikin kunnena. Kaji suka watse, hayaƙi ya turnuƙe wurin. Da ya lafa muka matsa. Bututun ya tsage kamar an ɓare rake, madubin ya zama gari. Amma abin da ya fi muni shi ne toshiyar ƙarfen da ke gindin bututun. Ta fizge ta yi baya, ta bi daidai inda fuskata za ta kasance da ni na harba, ta je ta nutse a jikin wata goribar da ke bayanta. Da wuƙa maƙerin ya haƙo ta, har lokacin da zafinta.

Na zauna a ƙasa daɓas. Bakina ba abin da yake fitarwa sai “Innalillahi”, sannan “Alhamdulillahi”, ina ta jera su ban san adadi ba. Maƙerin ya durƙusa gaban Baffa yana cewa, “Baba, wallahi ban sani ba. Da na kashe muku ɗa a gaban idona.” Baffa ya ɗaga shi, ya ce ba a kashe kowa ba, amma daga yau kada ƙarfen da bai san asalinsa ba ya sake shiga maƙerarsa. Ni kuwa ruwa ya miƙo mini a buta, ya ce in wanke fuska.

Bayan azahar aka ɗaure baƙar. Sau uku ana jan igiya, sau uku tana amsawa da murya ɗaya. Baffa ya yayyafa mata ruwa kamar raɓa, aka sake ja, ta tashi. Sai a nan ya yi murmushi. Ya sa aka kafa tsohuwar ƙwarya, ya ƙirga taku sittin, ya durƙusa da gurguwar ƙafarsa, ya fasa ta. Na ce a ƙara nisa mana, mu ga iyakarta. Ya ce iyakarta ke nan a hannunsa. Dabbar da ka harba daga inda ba ka da tabbas, rauni kawai za ka yi mata, kuma gadun da ya ji ciwo shi ke farke cikin mai zuwa gona gobe da safe.

Maƙerin ya hana mu tafiya sai da muka ci abinci. Aka kawo burabusko da miyar kifi, yaji ya ji. Ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba, ko da yake ina zaton ranar ko dusa aka dama mini haka zan ce.

Muka naɗe baƙar bindigar a buhu, ba ɗuri a cikinta, muka juyo. Mai kwale-kwale ya tambaya ko ƙarar da suka ji ɗazu tamu ce, na ce ta goriba ce. A shingen kusa da gari jami'ai suka tsayar da mu. Suka duba takardu, suka ga komai daidai, babbansu har ya roƙi Baffa ya biyo ta gonar surukinsa in ya gama da tasa.

Ana kiran magariba muka shiga Haɗeja. Na sauke Baffa a ƙofar gidansa, na wuce nawa. Maiɗakina ta tarye ni da faɗan laka a tufafi, ni kuwa na tsaya ina kallonta kawai, har ta tsargu ta ce lafiya? Na ce lafiya lau, kallo nake yi.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Waya ta nuna mini yadda bindiga take, ba ta nuna mini yadda ake zaɓenta ba. Wannan yana wurin mutumin da na ɗauka na fi shi sanin zamani. Bidiyon da na so in kawo muku babu shi. Na dai dawo da idanuna biyu, kuma da su nake rubuta muku wannan.